Wa ya ci moriyar cire wa motocin lantarki harajin VAT?

Baban Khadija: Jama'a, tun Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta cire wa motocin lantarki harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya. A ganina masu hannu da shuni aka yi wa gata. Mai iya sayen sabuwar motar lantarki, kashi 7.5 cikin ɗari ba zai hana shi barci ba. Talakan da cire tallafin fetur ya gigita a 2023 kuwa A Daidaita Sahu yake hawa.

Injiniya: Malam, a yi adalci. Sassaucin ya haɗa da dizal da gas ɗin girki da CNG, wato gas ɗin da ake zuba wa motoci. Kuma harajin da aka yafe a kan motar da da ma ba a shigo da ita sosai, nawa ne gwamnati ta rasa?

Hajiya Babba: Injiniya, ni tambayata ɗaya ce: a ina za a yi cajin? A cikin wancan watan na Oktoban 2024 aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa da masu ƙanƙara suka zauna ba sana'a, cajin waya ma sai an bi layi a shago. Motar da za a kunna wa janareta ta sha caji, ai fetur ɗin ta sha.

Ɗan Yerwa: Hajiya, ku zo Maiduguri. Gwamnatin Borno ta sayo tasi masu lantarki da motocin bas, Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da su a Disambar 2023, kuma talaka ne ke shiga.

Baban Khadija: To ai maganata ka ƙarfafa, ɗan'uwa. Waccan motar haya ce ta kowa da kowa. A zuba kuɗin a bas da jirgin ƙasa, ba zan ce uffan ba.

Injiniya: Amma in ba a sauƙaƙa shigo da su ba, yaushe makanikanmu za su koyi gyaran batir? Habasha a 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin fetur gaba ɗaya.

Hajiya Babba: Habasha ta gina madatsar ruwa mai ƙarfin megawat sama da 5,000, kwatankwacin abin da Najeriya duka ke rabawa a rana mai kyau. Mu a nan, a rukunonin masu amfani da wuta, ƴan Band A kaɗai aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, a naira sama da 200 kowane yunit. Injiniya, unguwarku a wane band take?