Ɗan damben da na haɗa a Blender ya ƙi motsi kamar mutum

Ɗan Ƙofar Sauri: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ina koyon Blender, manhajar haɗa zane mai motsi a kwamfuta, na haɗa ɗan dambe 3D na sa mai ƙasusuwa komai ya zauna, amma in ya kai naushi sai ka ga kamar gunki ake turawa, ba nauyi ko kaɗan. Mi zan gyara don Allah?

Mai Zane Daura: Wa alaikumus salam. Ƙanena rufe kwamfutar tukuna, ɗauko fensir da takarda. Kafin ka taɓa ƙashi ko ɗaya ka ja layi guda mai lanƙwasa daga dunduniya har kan hannun ɗauri, a kan layin nan za ka ɗora jikin duka. In ya fito a miƙe sambal kamar tabarya to a 3D ma haka zai sandare. Kuma ka tahi gidan dambe ka zuba ido, ba wanda ke kai naushi sai ya fara janye hannu baya ya zauna kan ƙafar baya, kafaɗa ta juya, sannan ya saki. Wannan janyewar ce ke sa mai kallo ya ji nauyin, ita na tabbata ka tsallake.

Maman Ilham: Gaskiya ne malam. Ni a daka na gane abin, na ɗauki ƙanwata a waya tana daka gero na riƙa tsayar da bidiyon, ashe tabarya takan ɗan dakata a sama kafin ta faɗo da sauri, gefen mayafinta kuma sai ya iso daga baya. Daƙiƙa guda ta bidiyo firem 24 ce, wato hotuna 24 a jere, kar ka raba su daidai wa daida, ka tara su wajen ɗagawa, saukar naushin firem 2 ko 3 sun isa.

Baban Sadik: Irin waɗannan dabarun suna cikin ƙa'idoji 12 na zane mai motsi, Frank Thomas da Ollie Johnston na Disney suka tattara su a 1981 tun ana zane da hannu, John Lasseter ya nuna a 1987 cewa suna aiki a kwamfuta ma. Tawa shawarar, ka mai da ɗan damben baƙi ƙirin kamar inuwa a bango, in ba a gane naushi zai kai ba to hannun ya ɓuya cikin ƙirji, fito da shi fili.

Ɗan Ƙofar Sauri: Allah ya saka da alheri. Yaya, a takarda dole ko Grease Pencil, fensirin zane na cikin Blender, ya wadatar?

Mai Zane Daura: Takarda ta fi sauri, zana tsayuwa biyar ƙanana ka turo nan mu gani kafin magariba.