Na ce "biyar", dila (mai raba kati) ya ce 5000 ne

Ɗanliti: Jama'a ku raba mu don Allah. Gasar wasan kati na poker ce a Las Vegas, ana 200/400 (zubin dole kafin a raba kati), kuɗin tsakiya (jimillar abin da aka riga aka zuba) sun kai 6000, na ce biyar ina nufin 500 sai dila ya ce 5000 zan zuba, wai haka ake yi?

Baban Ummi: Dila ya yi daidai malam. A dokar TDA (ƙungiyar masu kula da gasar poker) in magana ta zo da harshen damo, mafi girman adadin da bai wuce kuɗin tsakiya ba shi ake ɗauka, da tsakiyar bai kai 5000 ba da 500 ɗinka ta zauna.

Sarkin Kati: Ai da ka sa an kira mai kula da gasar kafin na gaba ya motsa, hukuncinsa ne na ƙarshe ba na dila ba. Ni dai cikakken adadi nake faɗa.

Ɗanliti: Kash, bakina ya ja min.