Waɗanda suka taɓa koya wa mutanen ƙauye intanet, yaya kuka kwashe?

Ɗalibi daga Dutse:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar ɗaliban garinmu ta ɗora min shirya wa mutanen ƙauyenmu horon intanet a hutun nan. Muna da laftof biyu na aro, da ƙaramin janareta, da aji ɗaya da hedimasta ya ba mu a firamare. Na tsara in fara da sassan kwamfuta, sai buɗe imel. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Tsohon ɗan bautar ƙasa:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, yaga jadawalin nan tun bai ba ka kunya ba. Irinsa na yi a wani ƙauye a jihar Katsina. Ranar farko aji ya cika har taga, na zana kwamfuta a allo ina ta zuba. Rana ta uku mutum shida suka rage, huɗu daga ciki caji suka zo sawa a janaretana. Da aka tashi wani dattijo ya ja ni gefe, ya zaro wayarsa naɗe a leda, ya ce, "Malam, ɗana ne ke turo min kuɗi daga Legas. Yadda zan san sun shigo ba sai na hau babur zuwa gari ba, shi kaɗai nake so." Muka zauna a gindin darbejiya, kafin a kira la'asar ya iya danna lambobin bankinsa ya ga abin da ke asusun. Washegari ya zo da abokansa biyar. Ban sake zana komai a allo ba.

Malamar Islamiyya, Haɗeja:
Ajin firamaren nan matar aure ko ɗaya ba za ta taka shi ba, balle a ce samari ne masu koyarwa. Ku nemi mata biyu cikinku, su bi ta Islamiyyar matan aure, bayan an gaida mai gari da liman. Ni ma sai da wani magidanci ya aiko min cewa babbar waya kashe aure take yi. Na ce ya zo ya zauna a zaure ya saurara, ya zo sau ɗaya, bai ƙara magana ba.

Yawancin ɗalibaina ba sa karanta boko, amma suna karanta Alƙur'ani, kuma bakinsu ba ya gajiya. Don haka da saƙon murya a WhatsApp muka fara. Akwai wata Hajiya mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ita ta koya min dabarar da ban sani ba: tunda ba ta iya karanta sunaye, sai jikarta ta liƙa wa kowace lamba ɗan hoto. Ƙaninta mai sayar da kifi, kifi ne. 'Yarta da ke aure a Kano, fure. Dillaliyarta kuwa kunama ta sa aka sa mata, ban tambayi dalili ba. Yanzu hoton kaya take turawa, a yi ciniki da murya, direban kasuwa ya ɗauka.

Mai POS, Maigatari:
Duk ku yi haƙuri, kun tsallake darasin farko. Kafin ku koya wa mutum shiga, ku koya masa abin da ba a bayarwa. A teburina nake ganin katin banki da lambar sirrinsa rubuce a baya da biro. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi, farkon 2023, mutanenmu suka faɗa tura kuɗi ta waya ba shiri. Wata Alhamis, ranar kasuwa, wani bawan Allah ya sayar da raguna biyu, mai saye ya nuna masa fuskar waya wai kuɗi sun tafi. Ya zo wurina ya cira, na duba sau uku, ba ko sisi. Zama ya yi a ƙasa, hularsa a hannu.

Ku sa su haddace kamar karatun allo: ba a faɗa wa kowa lambar sirri, ko BVN, ko lambar da ta shigo ta tes, ko da mai kiran ya ce daga banki yake, ko wai tallafin gwamnati ya fito. Kuma kaya ba ya tashi sai kai ka duba asusunka a wayarka.

Malamin sakandare:
Ɗan bautar ƙasa, na yarda da kai a kan dattawa, amma kada ka sa ya mayar da laftof ɗin. Tun 2015 da kwamfuta kawai ake rubuta JAMB, kuma ina da ɗalibai masu ƙoƙari da ranar jarrabawar suka fara taɓa ta. Wata yarinya da ke ta ɗaya a ajinmu ta ce min hannunta rawa ya yi ta yi, tana tsoron ta danna wani abu komai ya goge. Tun daga nan nake zana madannai a jikin kwali, su saba da A, B, C, D na amsa, da N na gaba, da P na komawa baya, kafin layi ya zo kansu a laftof guda da muke da ita. Ka ware wa 'yan aji shida safiya.

Ɗan Zamfara:
Ku masu sabis kuna shagali. Da aka katse layukan waya a jiharmu a Satumban 2021, sai mutum ya tsallaka wata jiha kafin ya gaida ɗan'uwansa. Har yau a ƙauyenmu wuri ɗaya ne sabis ke kamawa, kan wani tudu bayan masallacin Idi, da yamma ka ga mutane sun ɗaga hannu sama kamar masu addu'a. Ka je ka zagaya ƙauyen da wayarka tukuna, inda ya kama nan ne ajinka. Bidiyon da za ka nuna kuma ka sauke su tun a gari, ka tura musu waya zuwa waya. Data ta yi tsada tun ƙarin kashi 50 na 2025, kada ka cinye wa mutum tasa a darasi ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan salula da Faransanci take zuwa, ku da Ingilishi, tsohuwata duk ba ruwanta. Koren maɓalli da hoton makirfo ta sani, in rezo, wato sabis, ya yi kyau ta fi ni aika saƙo.

Ɗalibi daga Dutse:
Allah ya saka da alheri. Na soke imel. Safiya ta 'yan aji shida, yamma ta dattawa da wayoyinsu, Malama kuma na turo miki saƙo kan ɓangaren mata. Yaya mai POS, za ka iya zuwa ka ba su labarin ragunan nan da bakinka?

Mai POS, Maigatari:
In sha Allahu zan zo, amma ban da Alhamis. Kuma kai za ka zuba min mai a babur.