Ɗakin nan da mota ke ja a baya, wane suna za mu raɗa masa?

Mai tambaya, daga yankin Rano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata kalma ce ta maƙale mini tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan a taya ni nema.

Duk Sallah muna kwashe yaran gidanmu mu tafi bakin dam ɗin Tiga. A shiga kwale-kwale, manya su jefa fatsa, yara su yi ta ɗiban yashi a gefen ruwa. Damuwarmu kullum ɗaya ce: da la'asar ta yi dole a tattara a kamo hanya, alhali a lokacin ne rana ta yi sanyi ruwan ya fi daɗi. Mata ba su da wurin kintsawa, mai goyo ba ta da inda za ta shimfiɗe jariri. Ƙanena mai walda ne, sai ya ga irin ɗakin nan mai taya da Turawa ke maƙalawa a bayan mota, da gado da wurin girki a ciki, ya ce zai iya ƙera mana ƙarami a kan ƙarfen tayoyin bayan wata tsohuwar mota.

Da muka je sanar da mahaifinmu na ce masa tirela za mu yi. Ya ce a ina za mu ajiye tirela, wa kuma zai tuƙa ta? Muka shafe rabin sa'a muna kwatance da hannu. Abin ya dame ni ƙwarai, don abin da ba shi da suna ba ka iya neman izinin babba a kansa, ba ka iya cinikinsa, ba ka iya gargaɗin yaro game da shi. Ga siffarsa: ba shi da inji, wata motar ke jansa, idan an isa a kwance shi a kafa masa ƙafafu a zauna ciki. Me za mu kira shi?

Ɗan Ƙaraye mazaunin Ingila:

Wa alaikumus salam, Yaya. A nan karaban suke ce masa, kuma ya daɗe a wurinsu. Wanda ake lissafawa na farko da aka yi don shaƙatawa zalla an ƙera shi a Biristol a 1885, na wani likita ne mai suna William Gordon Stables, dawakai ke jansa. A Amurka kuma Wally Byam ya fito da irin waɗanda ake kira Airstream a shekarun 1930, masu jikin alminiyam mai ƙyalli. Ni a ganina mu ari karaban kawai a wuce wurin. Mota da babur da tirelar kanta ai duk aro ne.

Malamin Hausa daga Kazaure:

Aro ba laifi ba ne, amma a duba abin da za a aro. Karaban asalinta Farisanci ce, ma'anarta ayari, wato fatake da raƙumansu da madugunsu. Turawa ne suka karkatar da ita zuwa ɗaki mai taya. Mu ba za mu ce masa ayari ba, don ayari jama'a ce, ba akwati ba. Sannan a nan duk wanda ya taɓa jin karaban, kwantenar nan da 'yan kwangilar hanya ke mayarwa ofis yake tunawa.

Me ya hana mu ce tafi-da-gidanka? Tun da wayar salula ta shigo a 2001 muka ɗora wa waya wannan suna, ga kotun tafi-da-gidanka, ga asibitin tafi-da-gidanka. Amma a zahirin lafazi babu wanda ya cancanci sunan kamar wannan abu, tunda shi gidan ne da kansa ake tafiya da shi.

Tsohon direban babbar mota, Wudil:

Malam, sunan ya yi daɗin baki, amma bai faɗi abin da ke kashe mutane ba. Na yi shekaru ina jan kaya tsakanin Kano da Legas, kuma ina gaya muku abin da ake ja ba ɗaya yake da abin da ake tuƙawa ba. Akwai motar da ɗakin ke jikinta, da injinta da sitiyarinta. Wannan ku ce mata tafi-da-gidanka, na yarda. Amma na yaron nan wutsiya ce, wutsiya kuwa tana da halinta.

Ɗana, kafin ƙanenka ya yanka ƙarfe ko ɗaya, ku fara duba motar da za ta ja. Kowace mota akwai iyakar nauyin da kamfani ya rubuta za ta iya ja. Sienna ɗin nan da ta cika gari, wadda aka yi mata shirin jan kaya, iyakarta wajen kilo 1,600 ne, kuma wannan lissafi ya haɗa da duk abin da kuka zuba a ɗakin. Mutane suna auna akwatin fanko su manta da kaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka huɗu mai lita 25 kilo 100 ke nan. Ƙara tukunyar gas, da batir, da katifu, da kwale-kwalen roba, da buhun shinkafa. Na biyu, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ɗakin ya kamata ya danna kan maƙalin da ke bayan mota. In kuka loda kaya masu nauyi a can ƙarshen baya, gaban ya yi sakwaf, da kun ɗan ɗauki gudu zai fara kaɗa gindi hagu da dama har ya kwashe motar daga kan kwalta. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na yi wannan dogon rubutu: ba a zama a cikinsa yana tafiya. Na san halinmu, ranar Sallah za a ce yara su shiga baya tunda akwai fili. Babu bel a ciki, babu wanda zai ji ihunsu daga gaba. Saboda haka kowane suna kuka zaɓa kada kalmar mota ta shiga ciki. Ni tarago zan ce masa.

Ɗan Ƙaraye mazaunin Ingila:

Gaskiyar Baba direba ce. A nan doka ta hana ɗaukar mutum a cikinsa yana tafiya, kuma duk wanda nauyinsa da kaya ya haura kilo 750 dole ya zama da burkinsa na kansa.

Wata uwa daga Haɗeja:

Ni da na ji siffarsa, bukkar Fulani ce ta zo mini a rai, yadda ake naɗe ta a ɗora wa sa a yi gaba. Da na ce bukkar taya. Amma ku maza kun tsaya kan ƙarfe, ni uwa ce, bakin ruwan nake tunani. Mu nan kusa da fadamar Baturiya muke, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, mun san sauron bakin ruwa. In tagogin ba su da raga ba wanda zai runtsa. Kada a kwana da janareta a kunne kusa da taga, hayaƙinsa ba ya sallama. Yara kuma kada a bar su su wuni cikin ruwan gefe mai ciyawa, nan ake kwasar tsargiya. Sai rigar hana nutsewa, kowane yaro da tasa daidai jikinsa, a ware mata wuri a ɗakin tun wajen ƙira. Ba mu manta da kwale-kwalen da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, fiye da mutum 20 suka rasu, galibi yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu.

Mai tambaya:

Amin, Hajiya. Na rubuta duk abin da kika ce, zan miƙa wa ƙanena.

Na kwana ina juya sunayen nan. Tarago ya kama rabin gaskiya, don shi ma ja ake yi, amma da ka faɗe shi kunne ya tafi layin dogo, kuma tarago mutane ake zubawa a ciki yana tafiya, abin da Baba direba ya hana ke nan. Bukkar taya ta yi mini daɗi, sai dai bukka ta kara ce da ciyawa, in ka ce wa mai walda bukka zai ɗauka raina aikinsa kake. Gida kuma ya yi yawa. A wurinmu gida yana nufin zaure da tsakar gida da katanga da turaka. Abin nan ɗaki ne guda, bai wuce haka ba.

Maganar Baba ce ta buɗe mini ido. Abu biyu sunan ya kamata ya faɗa wa wanda bai taɓa ganinsa ba: jansa ake yi, don haka nauyinsa yana wuyan motarka, kuma ɗaki ne, ana shiga ɗaki ne idan yana tsaye. Sai na haɗa su: ja-ɗaki. Gaɓa uku, tsohuwa za ta iya faɗa, yaro zai iya riƙewa. Na gwada shi a baki: ɗaura ja-ɗakin mu tafi. Ja-ɗakin Alhaji ya fi namu faɗi. An yi ja-ɗaki biyu a garejin. Bai yi mini tuntuɓe ko'ina ba.

Malamin Hausa daga Kazaure:

Ina da ja a kan ja-ɗaki, kuma ja biyu ne. Na farko, wani zai ji kamar launi ake nufi, ɗaki ja. Wannan mai sauƙi ne, don launi da sai a ce jan ɗaki, rashin harafin n ya raba gardama. Na biyun ya fi nauyi. Dubi jagora: wanda ke jan gorar makaho ne, ba gorar ba. Dubi jagaba. A wannan ƙira sunan na mai ja ne. Ke nan ja-ɗaki motar ce, ba ɗakin ba.

Mai tambaya:

Allah ya gafarta Malam, na ga ƙarfin wannan hujja, amma ƙirar ba hanya ɗaya take bi ba. Dafa-duka ba mai girki ba ce, abincin da aka dafa ne. Tafi-da-gidanka da ka kawo da kanka umarni ne ga mai abin, amma sunan ya zauna a kan abin. Haka nake jin ja-ɗaki: kamar ana ce wa mai shi ja ɗakinka ka tafi. Kuma babu wanda zai buƙaci sabon suna don motar da ke gaba, tana da sunanta, Hilux ce ko Sienna. Gurbin da ke fanko na bayan ne.

Malamin Hausa daga Kazaure:

Dafa-duka ta kama ni. Na janye. To a kammala dangin gaba ɗaya kada a bar aiki rabi. Mai inji a jikinta: motar tafi-da-gidanka. Wanda ake ja: ja-ɗaki. Akwai kuma wanda ake ɗorawa a bayan a-kori-kura, ba ya taɓa ƙasa, wannan ɗakin goyo ya dace da shi.

Ɗan Ƙaraye mazaunin Ingila:

Na bar karaban, na bi jama'a. Bari in gwada sabon sunan da abin da na sani. Mafi araha iri biyu ne. Akwai ja-ɗaki mai naɗewa, ƙasansa akwati samansa tanti, in an isa a ɗaga rufin. Ba shi da nauyi, iska na ratsa shi, kuma a naɗe ana iya ɗaure ƙaramin kwale-kwale a kansa. Aibinsa, in ka naɗe shi da danshi zai yi funfuna. Akwai kuma ɗan ƙaramin nan mai siffar ɗigon ruwa, gadon mutum biyu a ciki, wurin girki a waje ta baya. Babban da ake buɗe bayansa a tura babur ɗin ruwa ciki, sai mu ce ja-ɗaki mai sito, amma wannan sai babbar mota da babban aljihu.

Wanda zai sayi na hannu, yoyo ne babban abokin gabansa. Ka taka kowane lungu na daɓen, in ka ji ya lotsa katakon ya ruɓe. Ka shinshina cikin kabad, ka duba kusurwoyin rufi da gefen tagogi. Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka, don ta ja-ɗaki tsufa ke kashe ta ba tafiya ba. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ni dai Yaya, in ka haɗa kuɗin jirgi da na kwastan, na ƙanenka zai fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma in ya lalace mai gyara yana gida.

Mai tambaya:

Shawarar da muka tsayar ke nan. Zai yi shi ƙarami, da tagogi masu raga a kowane ɓangare, da rufi biyu da soso a tsakani, don kwanon ƙarfe zalla a zafin Afrilu na Kano tanda ne. Faifan sola ɗaya a sama, fanka da fitila, ba janareta. Rumfar tamfol a gefe inda mata za su zauna. Gwajin farko a Tiga za mu yi tunda hanyar mun san ta, in ya yi kyau bayan damina mu leƙa dam ɗin Challawa a Ƙaraye.

Jiya da daddare na koma wurin mahaifinmu na ce masa ja-ɗaki ne za mu yi. Ya ɗan yi shiru, ya ce ɗakin da ake ja da mota? Na ce shi. Ya ce to a tabbata an fitar da wurin alwala a gefe.

Tsohon direban babbar mota, Wudil:

Madalla. In ya gama ƙira, ku loda masa duk kayan da za ku tafi da su har ruwan jarka, ku kai ja-ɗakin kan sikelin manyan motoci a auna kafin yaro ko ɗaya ya shiga motar. Ka turo mini lambar da sikelin ya nuna da sunan motar da za ta ja, zan gaya maka ko ku tafi ko ku rage kaya.