Neman shawara: Shin Rasha da Sin sun zama sansani ɗaya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina rubuta kundin kammala digiri a kan dangantakar Rasha da Sin, inda na kafa hujja cewa ƙasashen biyu sun haɗe kai gaba ɗaya don fuskantar Amurka, amma malamin da ke duba aikin ya ce hujjar ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Abin da na dogara da shi shi ne sanarwar da shugabannin ƙasashen biyu, Putin da Xi, suka fitar a Beijing ranar 4 ga Fabrairu 2022, cewa abotarsu ba ta da iyaka. Don Allah ta ina zan gyara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malaminka yana da gaskiya, domin sanarwa daban, alkawarin shiga yaƙi daban. Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO, ƙungiyar ƙawancen tsaro ta Amurka da ƙawayenta, ya ɗauki hari a kan mamba ɗaya tamkar hari a kan dukkansu, alhali yarjejeniyar abota da Rasha da Sin suka ƙulla a 2001 ba ta wajabta wa ɗayarsu yin yaƙi saboda ɗayar ba. Ka lura kuma Sin ba ta amince a hukumance cewa Kirimiya, yankin da Rasha ta ƙwace daga Yukiren, ta Rasha ce ba.

Amsa ta biyu:
Malam, ina girmama bayaninka, sai dai ban yarda a mai da takarda ma'auni ba. A 1950 Sin da Tarayyar Sobiyet sun rattaba hannu a kan cikakkiyar yarjejeniyar taimakon juna, amma a 1969 sojojinsu suka gwabza a kogin Ussuri da ke kan iyakarsu, kuma a Fabrairun 1972 shugaban Amurka Nixon yana Beijing yana ganawa da jagoran Sin Mao, saboda a lokacin tsoron Mosko ya fi ƙarfin ƙiyayyar da ke tsakanin Sin da Amurka. Don haka, ɗalibi, ka bi sawun tsoro da bukata. Tambayi kanka me kowacce za ta rasa idan aka raba gari: Rasha, wadda takunkumi ya toshe mata kasuwar Turai, tana tura iskar gas zuwa Sin ta bututun Siberiya tun Disambar 2019, ita kuwa Sin ba za ta so ta yi asarar cinikinta da Turai da Amurka don faranta wa maƙwabciya rai ba. Wannan rashin daidaito, a ganina, shi ya kamata ya zama ƙashin bayan kundinka.

Amsa ta uku:
Ka ware babi guda ga Indiya, ɗan'uwa. Tana zaune da Amurka, Japan da Ostireliya a ƙungiyar Quad, tana zaune da Rasha da Sin a BRICS, ƙungiyar ƙasashe masu tasowar tattalin arziki, tana sayen man Rasha, kuma sojojinta sun yi arangama da na Sin a kwarin Galwan a Yunin 2020. Idan ka nace a kan sansani biyu, malaminka zai tambaye ka inda ka ajiye ta, gara ka tanadi amsa tun kafin ranar kare aikin.