Wane irin littafin hotuna ne ya dace da yarinya 'yar shekara biyar?

Maman Yusra, Garwa

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Shawara nake nema. 'Yata shekararta biyar, Satumba mai zuwa in Allah Ya kai mu za ta shiga SIL, wato ajin farko na firamare. A gida Hausa muke yi, a waje da yaran unguwa Fillanci take yi, da safe Faransanci a lekol, da la'asar kuma makarantar allo. Kawunta ya aiko mata da littattafan hotuna daga Duwala, masu kyau da ƙyalli, amma ciki daga dusar ƙanƙara sai kyarkeci sai yara cikin rigunan sanyi. Takan buɗe ta kalli shafi biyu ta ajiye. Ni kuma a CM2, ajin ƙarshe na firamare, na tsaya, Faransancina bai taka kara ya karya ba, ina jin nauyin karanta mata kada in koya mata kuskure. Ku wane irin littafi yaranku suka fi so, kuma me kuka ga sun ƙaru da shi? Ba na son in sake kashe kuɗi a kan abin da zai zama mafici.

Goggo Metires, Marwa

Wa alaikumus salam 'yata. Ajin SIL na riƙe har na yi ritaya, don haka bari in ɗan yi tsawo, ki yi haƙuri da surutun tsofaffi.

Maganar Faransancinki ki ajiye ta gefe. Yaro ɗan shekara biyar hira ake yi da shi a kan littafi, rubutun da ke ƙasan hoton na baya ne. Ki ɗora ta a cinya, ki buɗe, ki tambaye ta da Hausa: wace ce wannan, me ta ɗauko a kai, me ya sa yaron nan yake kuka? Ki bar ta ta fi ki magana. Faransancin aikin madam ɗinsu ne, don shi ake biyan ta.

Littafin da na fi so duk cikin na ajina ɗan ƙarami ne na ƙirga, hotunan kasuwa. Shafin farko akuya ɗaya, na biyu zabi biyu, haka har buhun gero goma. Dalilina shi ne, yara da yawa suna zuwa mana sun haddace ɗaya zuwa ashirin rakwacam, iyaye suna ta murna, amma ki ce da yaron ya miƙo miki dabino huɗu, sai ya damƙo miki cikin hannu. Hadda daban, ƙirga daban. Sai in kama ɗan yatsansa in ɗora a kan zabuwar farko, mu ce ɗaya, ba zai ɗaga ba sai bakinsa ya gama faɗa. Za ki ga yatsan yana riga baki gudu, ya tsallake ɗaya, ko ya taɓa ɗaya sau biyu. In ya kai ƙarshe in rufe hoton da tafin hannuna in ce, to nawa ne ke nan? Wanda bai gane ba zai ture hannuna ya sake daga farko. Ranar da ya amsa mini "biyar" hannuna yana rufe, na san ya fahimci cewa lambar ƙarshe ita ce jimillar. Lissafin CP, ajin da ke bin SIL, gaba ɗaya a kan wannan yake zaune.

Sai wanda ba shi da rubutu ko kaɗan, hotuna ne kawai suke ba da labari. Iyaye suna raina shi, wai an sayar musu da littafi ba karatu. Shi ne ke koya wa yaro jeranta magana: da farko, sannan, daga ƙarshe. Kafin ki juya shafi ki tsaya ki ce, me kike jin zai faru? Duk abin da ta faɗa ki karɓa, ko da bai yi daidai ba, sai ku juya ku gani tare.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu masu yaran allo. Suna zuwa lekol da alheri mai yawa, sun iya zama wuri ɗaya, kunnensu ya saba da hadda, sun san cewa zanen tawada yana ɗauke da sauti. Amma hannunsu ya saba da dama. Ki ba shi littafi, ta baya zai buɗe, ki ba shi alli, daga dama zai faro. Ba laifinsa ba ne, kuma ba abin duka ba ne, ko da yake na ga malaman da ke dukan yara a kansa. Ki riƙa bin layin da yatsanki a hankali tana kallo, ki gaya mata na Malam daga dama yake tashi, na Madam daga hagu. Yara ba sa daɗewa suke rarrabewa.

Na kawunta kada ki zubar, ki adana. A fara mata da abin da idonta ya sani tukuna, jaki, turmi, mai tallan ƙosai, dorinar da ake gani a Binuwai.

Baban Sadik, Injamena

Goggo Allah Ya ƙara lafiya, kin gama magana. Mu nan Cadi Faransanci da Larabci ne harsunan gwamnati, don haka littattafan yara na Larabci ba sa wuyar samu, kuma buɗewa ta dama ba baƙon abu ba ne a lekol. Na Hausa ne babu, sai in wani zai je Kano ko Maiduguri a ba shi saƙo. Abin da nake yi, akwai African Storybook a intanet, na wata ƙungiya ce a Afirka ta Kudu, kyauta ne, kuma akwai labarai da Hausa. StoryWeaver na Indiya ma haka. Nakan sauke in kai wa masu fotokofi su buga mini, in sa kowace takarda cikin leda in ɗinke gefe da zare. A waya ba na ba su, minti biyu sun fice sun koma bidiyo.

Amma Goggo ina da tambaya. Harafin u na Hausa Bafaranshe ou yake rubuta shi, c ɗinmu kuma shi tch ne a wurinsa, ga ƙ da ɗ da ɓ da ba ya da su. Yaro ba zai rikice ba in ana nuna masa duka biyun?

Adda Binta, Gaundare

Goggo ki gafarce ni, a kan littafin ƙanƙara ban bi ki ba. Ɗana shi ya fi so duk cikin nasa, saboda baƙon abu ne. Har firiza ya buɗe ya kankaro ƙanƙara a kofi wai ya ga ko irin ta ce. Tambayoyin da ya yi mini a kan shafi ɗaya sun fi na littafin akuya gaba ɗaya. Ina ga ya danganta da yaron. Na biyunsa na jirgin ƙasa ne, da yake kusa da tashar muke yana jin kukan na Yawunde. A can ya koyi launuka da babba da ƙarami, daga taragai.

Maman Yusra, in akwai ƙarami a gidan ki nemi mai shafin kwali mai kauri, na takarda ba ya kwana a hannun ɗan shekara biyu. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a kasuwa sukan samu, sai dai ki duba shafi-shafi kafin ki biya, wani an yage tsakiyarsa, wani kuma alade ne jarumin labarin, kakarsu ta gani ki shiga uku. Ki leƙa Alliance, cibiyar Faransanci ta garinku Garwa ma, suna da ɗakin karatu.

Goggo Metires, Marwa

Binta na karɓa, yaro mai tambaya ba a tare masa hanya. Ni dai Yusra na duba, an ce shafi biyu take ajiyewa.

Baban Sadik, ɗana, rikicewar ba ta kai yadda kake tsoro ba. Tun 1981 Farfesa Maurice Tadadjeu da abokan aikinsa a Jami'ar Yawunde suka fara shirin koyar da yara karatu da harshen gida kafin a shigar da su Faransanci. Hujjarsu ita ce yaro sau ɗaya yake koyon yadda harafi ke zama sauti, kuma ya fi saurin kama shi a harshen da yake ji. Ni abin da na gani a aji bai saɓa wa haka ba. Shawarata kawai, kada a zauna zama ɗaya ana koya masa u ɗin Hausa da u ɗin Faransanci. Ɗan shekara biyar kai za ka karanta, shi ya saurara ya kalli hoto. In ya nuna ƙ ya tambaya, ka ce namu ne, na ƙosai, ku wuce.

Maman Yusra, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Goggo na gwada ta da dabino bayan magariba, na ce ta ba ni huɗu, shida ta miƙo tana dariya. Ranar kasuwa zan nemo na ƙirgar. Baban Sadik, in an buga baƙi da fari kawai ya wadatar, ko sai mai launi? Mai launin a nan yana da tsada.

Baban Sadik, Injamena

Baƙi da fari ya isa, Hajiya. Ki zaɓi labarin da zanensa ba shi da duhu sosai, ki saya mata fensir mai launi ta shafa da kanta. Bangon kaɗai nake bugawa da launi, don su gane nasu a cikin tarin takardun gida.