Me zan shimfiɗa wa kajina? Ƙudaje sun hana mu sakat

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sabuwa ce ni a kiwo, kaji 25 irin noila na saro sati uku da suka wuce, na sa su a ɗan ɗakin bayan kicin. Kwali na shimfiɗa musu. Yanzu wallahi ko tabarma ba ma iya shimfiɗawa a tsakar gida saboda ƙuda, maigidan har ya fara cewa a sayar da su. Me ake zuba musu a ƙasa ne? Kuma wane magani zan fesa?

Baban Sadik: Wa alaikumussalam. Hajiya, ki fara kwashe kwalin nan yau. Kwali idan ya sha ruwa ba ya bushewa, ki ɗaga shi ki duba ƙarƙashinsa, in ba ki ga tsutsa ba ki ce na yi ƙarya. Ni ɓuntun shinkafa nake amfani da shi shekara da shekaru. A Kura nake ɗaukowa wajen masu injin casa, ba shi da tsada, kuɗin mota ma ya fi shi. Ba ya dunƙulewa da wuri, kuma kajin suna jin daɗin tona shi.

Maman Ilham: Innalillahi, na ɗaga. Fari ƙal, suna ta motsi.

Anti Balki: Kar ki damu ƙanwata, duk mun bi ta nan. Ni dai na fi son ɓarzajen katako, irin wanda injin goge katako yake fitarwa kamar ɓawo. Ki aika yaro 'Yan Katako a Na'ibawa, amma ki ja masa kunne kar ya karɓo garin nan mai laushi na zarto. Shi garin 'yan tsaki suna ɗaukarsa abinci su yi ta ci, ga ƙura tana sa su tari. Kuma a tambaya kar ya zama na katakon da aka yi wa maganin gara.

Baban Sadik: Anti, ɓarzajen ya fi shan ruwa, na yarda. Amma da damina samun busasshe aiki ne, a fili suke tara shi.

Anti Balki: To ai ɓuntun ma a fili yake, Malam. Kowanne ka samo sai ka shanya shi yini guda kafin ka zuba.

Malam Habu: Ba wanda ya ambaci ɓawon gyaɗa. Mu a ƙauye shi ne a wadace.

Dakta: Malam Habu, ɓawon gyaɗa yana yi, amma da sharaɗi. Yana saurin yin fumfuna idan ya ji danshi, kuma fumfunar nan tana kama huhun 'yan tsaki. In dai ba busasshe ƙarau ba ne, kar a sa wa ƙanana. Ƙaiƙayin gero ma haka.

Maman Ilham, bari in ɗan tsawaita a kan ƙudan, don na ga hankalinki yana kan feshi. Ƙuda ba daga waje kawai yake zuwa ba, a ɗakin kajin yake haihuwa. Macen tana zuba ƙwai kusan ɗari a lokaci guda a cikin jiƙaƙƙen kashi, kafin kwana ɗaya ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsar da kika gani, kuma a zafi irin namu cikin kwana 7 zuwa 10 ta zama ƙuda mai tashi. Kin ga ko kin kashe na yau, na sati mai zuwa suna nan kwance a ƙarƙashin kwali. Tsutsar ba ta rayuwa a busasshen wuri. Saboda haka ki zuba shimfiɗar da kauri, kamar tsawon yatsanki manuni, ki riƙa juya ta da manjagara kullum ko bayan kwana biyu, duk inda ya jiƙe ki kwashe ki zuba sabo. Gwajin da muke yi: ki damƙi shimfiɗar a hannu ki matse. In kin buɗe ta warwatse, lafiya. In ta dunƙule kamar fura, ta jiƙe da yawa. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce kuma take kawo kashin jini.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Dakta. To fiya-fiya fa? Maƙwabciyata ta ce in yayyafa da daddare.

Dakta: Don Allah kar ki yi. Guba ce mai ƙarfi, kajin za su shaƙa, su tsattsagi matattun ƙudan, ga yara a gida. In dole sai an yi feshi, a je shagon maganin dabbobi, a fitar da kajin da abincinsu da ruwansu tukuna.

Anti Balki: Wani abu kuma, duba mazubin ruwanki. Ni nawa matsalar daga nan take, na yi wata biyu ina zagin ɓarzajen katako ashe robar ruwan ce ta tsage tana ɗiga. Ki ɗora ta a kan bulo, bakinta ya yi daidai da gadon bayan kazar, in sun girma ki ƙara ɗagawa. Kuma in kina dama musu dusa da ruwa, kar ki bari ta kwana.

Malam Habu: Toka fa? Kakata toka take barbaɗa wa akurki.

Dakta: Toka tana da amfani, amma a faffaɗan kwano a haɗa da yashi, su yi birgima a ciki, tana rage musu ƙuma da ƙwarƙwata. In aka tula ta a kan ɗanyen kashi sai zarnin ya ƙara tashi, har ido ya riƙa yaji. Akurkin kaka kaji biyar ne da suke yini a waje, ba 25 a ɗaki ɗaya ba.

Baban Sadik: Ga tarko na banza da wofi. Ki yanke wuyan robar lemo, ki kifa shi ciki kamar mazurari, ki zuba ruwan da kika wanke kifi da ɗan sukari. Amma ki rataye shi nesa da ɗakin, can wajen katanga, in ba haka ba kin kira su biki ne. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗar da kika kwashe kuma kar ki tara a lungu a buɗe, ki ɗura a buhu ki ɗaure ko ki rufe da baƙar leda a rana. Masu lambu suna saye, ni har gida suke zuwa nema.

Maman Ilham: Ɗakin taga ɗaya ce ƙarama, ko shi ma yana daga cikin matsalar?

Anti Balki: Kai, ai da shi ya kamata ki fara faɗa mana! A fasa wata a bangon da ke kallonta, a sa raga, iska ta riƙa ratsawa.

Maman Ilham: To bari maigidan ya dawo, tun da shi ne mai cewa a sayar, shi zai nemo magini. Baban Sadik, buhu nawa na ɓuntu zai ishi ɗaki mai taku shida da biyar?

Baban Sadik: Ki fara da uku, ki ajiye ɗaya na ciko. Ranar Asabar zan shiga Kura, in kina so in haɗo da naki.